Hitar Gwaggo Ta Ƙi Kamawa

Zuwa ga Yaya Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka da ƙafafunka biyu a ƙasa, ba a saman turken wuta ba. Ya aiki, ya daji, ya sauro? Mu nan lafiya lau. Gwaggo tana gaishe ka. Ta ce in gaya maka tana cin abinci, tana shan maganinta na suga a kan lokaci, gwiwar ma ta yi sauƙi. Sau uku ta maimaita mini cewa in rubuta lafiyarta ƙalau, to ga shi na rubuta. Ka san dalili. Tun ranar da ka ce duk lokacin da zaman gidan nan ya gagare ta za ka kwashe ta zuwa wurin matarka a hawa na uku, ko atishawa ta yi sai ta waiga ta ga ko na ji.

Da waya na shiga wurinku da ban ɗora wa direban motar kayanku wahala ba. Amma tunda kun je gina madatsar ruwa a inda ko tsuntsu sai da niyya yake zuwa, sai haƙuri.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne hitar banɗaki ta ƙi kamawa. Tun ranar Lahadi. In na danna makunnin da ke bakin ƙofa, 'yar jan fitilar nan ba ta kawowa, ko ƙyaftawa ba ta yi. Ba ɗauke wuta aka yi ba, don keken ɗinkina yana aiki, dutsen guga yana aiki, firji ma yana ta gurnaninsa. Ruwa na zuwa a famfo, amma sanyi ƙalau. Yanzu a buta nake dafa wa Gwaggo in kai mata, ita kuwa kullum sai ta ce bai yi zafi ba, alhali ni hannuna ba ya iya zama a ciki. Maƙwabcinmu mai shago ya ce in kira mai gyara. Na tuna ka ce ko yatsa kada wani ya ɗora mata sai kai, shi ya sa ban kira kowa ba. Gwaggo ma ta ce a bar ta, wai kada a dame ka.

Sauran labari: na samu ɗinkin kayan makaranta, saiti arba'in. Yadin irin mai tsukewa ne, sai an jiƙa shi ya bushe kafin a yanka, don haka igiyar tsakar gida ta cika da shuɗi. Babban bokitin banɗaki ya tsage a gindi, ban san yadda aka yi ba. Gwaggo kuma ta tsiro da sa safa har da rana tsaka, wai sanyin damina na shigar mata ƙafa. Na samo mata guda uku masu kauri.

Ka gaya mini abin da zan yi, amma da Hausar mutane, ba ta injiniyoyi ba.

Ƙanwarka,
Tela


Zuwa ga ƙanwata Tela,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, ta sha man mota a aljihun direba amma tana karantuwa. Ina lafiya, sai tari kaɗan na ƙurar siminti. Ki gaishe da Gwaggo, ki ce mata na ji saƙonta duka ukun. Kuma ki daina ce mini Injiniya, mai haɗa wayar wuta ne ni, kin sani, tsokana ce kawai irin taki.

Hitar nan da hannuna na ɗaura ta, na kuma gwada ta kwana uku kafin in taho. Abu ba ya mutuwa haka kawai. Ga abin da za ki yi, kuma ki bi shi a jere, kada ki yi mini wayon tela.

Ki fara da akwatin wuta da ke bayan ƙofar falo. Makunni na uku daga hagu shi ne na hita, na rubuta a kansa. In kin tarar ya faɗo ƙasa, ki ɗaga shi ki je ki duba fitilar. In ya sake faɗowa nan take, ki bar shi, kada ki yi ta kokawa da shi. In kuwa kin same shi a sama yadda na bar shi, to wuta na zuwa, matsalar a jikin hitar take. Sai ki sauke shi da kanki, ki sauke babban makunnin gidan gaba ɗaya, ki tabbata firji ya yi shiru. Hannunki a bushe, takalmin roba a ƙafarki. A ƙasan hitar akwai farin murfi mai kusoshi biyu. Ki kwance su, za ki ga wani ɗan jan madanni kamar ƙwayar magani. Aikinsa shi ne ya yanke wuta in ruwa ya yi zafin da ya wuce hankali. Ki danna shi da bayan biro. In kin ji ya ce ƙas, to shi ne ya yanke. Ki mayar da murfi, sannan ki mayar da wuta.

Amma ki ji wannan da kyau. Madannin nan ba ya yankewa don nishaɗi. A gefen murfin akwai kan da ake murɗawa a saita zafi. Na tsayar da shi a tsakiya, na ɗiga jan fenti, na naɗe shi da baƙin salatif don kada a taɓa. Ki duba mini salatif ɗin. In ba yadda na bar shi yake ba, ki ɓare shi a hankali ki sa mini a ambulan.

Ina da tambaya, kuma kada ki ɗauke ta da zafi. Wa yake shiga banɗakin nan ban da ku biyu? Masu kawo ɗinki suna wucewa ciki? Shi mai shagon da ya iya ba da shawara, iyakarsa ƙofar gida ko kuwa? Gaskiya ne zumuncina da ke sai an zauna an lissafa, kakata da kakarki ne ɗaki ɗaya, amma da na tashi neman wanda zai zauna da matar da ta raine ni ban nemi bare ba, ke na nema. Ki riƙe mini wannan.

Yayanki


Yaya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Tarin naka ka nemi magani, kada ka bar shi ya zauna. Na yi jinkirin amsa ne don direba ya ce gadar hanyarku ta cika, bai samu zuwa ba wancan makon.

Na bi maganarka tiryan-tiryan. Makunni na uku yana sama. Na sauke wuta, na sa takalmin roba kamar mai shiga gona, na kwance murfi da 'yar sukundirebar kekena. Na danna jan madannin ya ce ƙas, kamar yadda ka faɗa. Da na mayar da wuta fitila ta kawo, sai da na yi tsalle. Gwaggo ta yi ta sa maka albarka. Kan murɗawar na same shi a can ƙarshe, ya bar ɗigon fentinka a baya, sai na dawo da shi tsakiya.

Kwana biyu muka yi cikin jin daɗi. Na uku da safe ta sake mutuwa. Na leƙa, kan ya sake komawa ƙarshe. Na sake sauke wuta, na sake dannawa, ta kama. Bayan kwana uku ta kuma mutuwa. Yanzu na bar ta, don na gaji da kwancewa da ɗaurawa.

Ga salatif ɗinka a cikin ambulan. An yanke shi gida biyu. Kafin ka gaya mini, na gani da idona: bakin yankan haƙora-haƙora ne, kuma almakashi mai haƙora guda ɗaya ne a gidan nan, nawa ne, wanda nake gyara bakin yadi da shi. Da ina da abin ɓoyewa da shara na jefa shi na ce maka ya ɓace. Ban yanka ba, ban murɗa ba, ban kuma san wanda ya yi ba. Masu kawo ɗinki iyakarsu falo. Mai shago kuwa ya haifi kamata, bai taɓa tsallake dokin ƙofa ba, kuma tambayar da ka yi a kansa na gane inda ta dosa. Na haɗiye ta ne don kana gaba da ni. Na tambayi Gwaggo, ta ce ita me ya haɗa ta da kayan wuta, ko tsayinta ya kai?

Tunda ana tambayoyi, ni ma ga tawa. A cikin murfin nan, ta baya, akwai 'yar takarda manne, an rubuta "Ɗaki na 14" da biro. Gidan Gwaggo ɗaki uku ne. Kai ka ce mata sabuwa fil ka kawo, har ta riƙa nuna wa baƙi. Daga wane masaukin aka ɓallo ta? Ko dai kan nan da kansa yake zamewa saboda tsufa, shi ya sa ka ɗaure shi da salatif kamar karyayyen tabarau, yanzu kuma kake neman wanda za ka rataya wa?

Gwaggo tana nan yadda ka san ta. Ta hana ni taya ta wanka, wai ita ba jaririya ba ce, tana shiga ta sa sakata. Ɗakinta na warin man shafawa, ta ce gwiwa take murzawa. Tafiyarta dai garau, ba ɗingishi.

Tela


Tela,

Gaisuwa. Ina lafiya. A gaishe da Gwaggo.

Kwana goma sha biyu takardarki ta yi a hanya, na kuma karanta ta a tsaye. Kan murɗawa ba ya zamewa da kansa, kuma ko ya zame ba ya ɗaukar almakashi ya yanke salatif. Maganar lambar ɗaki ba ita ce a gabanmu ba, kada ki karkatar da ni.

Na koma na karanta takardarki ta farko. Saiti arba'in, yadi mai tsukewa, sai an jiƙa. Da wane ruwa ake jiƙa yadi in ana so ya tsuke da wuri? Ni ba tela ba ne, amma na zauna da tela. Ga yadi, ga almakashinki, ga sukundireba a hannunki, ga ki da tsayin da ko ɗage ba sai kin yi ba. Har bokitin da ya tsage, tafasasshen ruwa na tsaga roba. Me kike so in ce? Aiko mini da salatif ɗin da kika yi bai wanke ki ba, ni na ce ki aiko.

Ba amfani da ruwan ne ya ɓata mini rai ba. Da kin ce kina so, da na nuna miki yadda za ki yi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne akwai tsohuwa mai ciwon suga a gidan, kina murɗa abin wuta zuwa ƙarshe, sannan ki rubuto mini kina tambaya kamar ba ki san komai ba.

Mutum biyu ne a gidan nan, don haka magana biyu ce. In ke ce, ki faɗa, ki gama ɗinkin da ke hannunki ki nemi wuri, matata ta ce akwai 'yar yayarta da za ta iya zama da Gwaggo. In kuma kin dage ba ke ba ce, to kina gaya mini Gwaggo ce ke hawa bango tana wasa da wuta. In haka ne, kanta ya fara ruɗewa, zaman gidan ya ƙare, ƙarshen wata za a zo da mota a kai ta hawa na uku a rufe gidan. Ni ban yarda da ta biyun ba, don na san matar da ta raine ni. Ina jiran amsa da motar da za ta dawo.

Ki sauke makunni na uku, ki bar shi a ƙasa.

Yayanki


Yaya,

Sallama. Muna lafiya. Na sauke makunnin.

Mota biyu ta wuce ban ba da amsa ba, na sani. Ina neman yadda zan faɗa ne.

Ni ce. Ni na yanke salatif ɗin da almakashina, ni nake murɗa kan don in jiƙa yadi. Na ji kunya ne na ƙi faɗa. Gwaggo ba ruwanta, kanta garau yake, jiya ma ita ta tuna mini ranar da mai kayan makaranta zai zo. Kada a kawo mota. Kada kuma a faɗa mata maganar hawa na uku ko da wasa, don ba ta barci in ta ji.

Saura saiti tara in gama. Wata da muka koyi ɗinki tare ta ce zan iya ajiye kekena a bayan shagonta, in riƙa shimfiɗa a wurin kafin in samu ɗaki. Ka ce wa 'yar yayar matarka ta zo tun ina nan in nuna mata abubuwa. Maganin safe kafin abinci ne, na yamma bayan abinci. Gwaggo ba ta son a gyara mata gado tana kallo. Makullin baya sai an ɗaga ƙofar yake juyawa.

Shekara biyu na yi a gidan nan, ban taɓa jin ni baƙuwa ba ce sai a takardarka. Ka yafe mini abin da na yi.

Tela


Ƙanwata,

Ki bar gaisuwa, ki karanta wannan a zaune, ki kuma gama shi kafin ki yi komai. Na roƙi direban tankar mai ya kawo miki, ban jira motar kaya ba.

Da na karanta amsarki na ce to, magana ta ƙare. Na ninke ta na tafi aiki. Da rana ina naɗe wata waya, salatif ya ƙi yankuwa da hannu, na ari almakashi wurin mai ɗinka mana tanti. Mutumin nan ya fizge abinsa kamar na taɓa masa ido. Nan take na tuna ranar da na ɗauki almakashinki zan yanke takarda, takarda fa, kika bi ni har ƙofar gida kina cewa almakashin yadi ba ya cin komai sai yadi. Kwana biyu ba ki gaishe ni ba. Ke ce za ki sa mai haƙoran nan, wanda kike naɗewa a ƙyalle kamar jariri, a kan salatif mai danƙo? Ga reza a kan kekenki, ga wuƙa a kicin? Ko mafarki kike yi ba za ki yi ba. Wanda ya yanka bai san darajar almakashi ba, ya ɗauki wanda hannunsa ya kai ne kawai.

Ƙarya kika yi mini, kuma na san don wa. Sai na zauna a kan buhun siminti na jera takardunki a gwiwa. Bokitin da ya tsage a gindi ba ruwan zafi ba ne, kife shi aka yi aka taka. Mai tsayi ba ya neman abin takawa.

Amma ba wannan ne ya tayar mini da hankali ba. Na tambayi kaina, me zai sa Gwaggo ta so ruwa ya fi haka zafi? Inda na saita kan, in kika bar hannu a ciki sai ya yi ja. Ke da kanki kin rubuta cewa ruwan da hannunki ba ya iya zama a ciki, ita cewa take bai yi zafi ba. Ga safa da rana tsaka. Ga sakata a banɗaki. Ga warin man shafawa. Muna da wani mai walda a nan, mai ciwon suga ne shi ma, tartsatsi ya faɗa masa cikin takalmi ya wuni yana aiki bai sani ba, sai da ya cire da yamma. Ya ce mini ciwon in ya daɗe ƙafa takan daina ji, mutum ya riƙa jin sanyi a cikinta alhali wuta ma ba ya ji. Kin ce ba ta ɗingishi. Da na karanta na ji daɗi. Yanzu layin nan ne ya fi ba ni tsoro.

Ki ajiye takardar nan ki je ki cire mata safa. Ko ta yi faɗa, ko ta yi kuka, ko ta ce za ta tsine miki, ki cire. Duk abin da kika gani, asibiti yau, ba gobe ba.

Maganar ɗaki na 14 gaskiyarki ce. Wani masauki muka yi wa gyara, suka cire tsofaffi, na zaɓi mai kyau a ciki. Na san ma'aunin zafinta ba ya tsayawa in an kai shi ƙarshe, ruwa sai ya kusa tafasa. Maimakon in canja shi na naɗe da salatif, na ce wa Gwaggo sabuwa ce don ta ji daɗi. Da kika tambaye ni, kunya ce ta sa na hau ki da faɗa.

Kada ki kai kekenki ko'ina.

Yayanki


Yaya,

Assalamu alaikum. Daga asibiti nake rubuto maka, a kan benci, takardar a kan cinyata, ka yi haƙuri da rubutun. Gwaggo tana raye, tana magana, ta ci abinci. Na fara da wannan don ka iya karanta sauran.

Eh, ƙarya na yi. Washegarin da takardarka mai zafi ta zo, na fita kai ɗinki na manta awo na dawo. Na tarar da Gwaggo a kan bokiti, hannu ɗaya a bango, ɗaya a kan hitar, tana murɗawa, ba ta ma san ka sa na sauke makunnin ba. Na riƙe ta na sauko da ita. Ta kama mini zane ta ce, "'Yar nan, ki rufa mini asiri. In ya ji, sama zai kai ni. A gidan nan aka kawo ni, a nan na wanke mijina, ba zan ƙare a inda sai ta taga zan riƙa ganin mutane ba." Na tambaye ta me ya sa take murɗawa, ta ce sanyi ƙafafunta suke ji, takan tara ruwa a baho ta tsoma su ko za su yi ɗumi. Na ɗauka rigimar tsufa ce. Wallahi ban kawo komai a raina ba. Ina ta lissafin wa zai bar gida, ni ko ita, ban kalli ƙafar da ke gabana ba.

Da tankar ta kawo takardarka, Gwaggo tana zaune a tsakar gida tana tsince mini zare. Na durƙusa na kama ƙafar. Ta ce in na taɓa ba ni ba ita. Na ce na ji, na ja. Safar dama ta fita. Ta hagu ta manne, sai da na jiƙa. Yaya, ba zan rubuta maka abin da na gani ba. Ita kuwa kallon fuskata take yi, ba ƙafar ba, don a fuskata take gane yadda abin ya kai. Mai shagon da ka zarga shi ya rufe shagonsa ya kawo mu.

An cire mata yatsu biyu, ƙaramin da na kusa da shi. Likita ta ce ƙafar za ta tsira in an kula. Ta ce ƙunar ba ɗaya ba ce, akwai tsohuwa, akwai sababbi a kanta. Ta tambaye ni yaushe abin ya fara, na ce ban sani ba. Amma na sani, don ina da takardunka kamar yadda kake da nawa. Ta farkon ita ce ranar da hitar ta fara mutuwa. Sauran kuwa bayan na danna jan madannin ne. Sau biyu abin nan yana yanke wuta, sau biyu ina zuwa ina mayar da ita, har da tsallena. Likitar ta ce da mun zo mako uku da suka wuce da ba a cire komai ba. Mako ukun nan kai kana auna tsayina, ni ina ƙirga ɗakunan masauki.

Ba na faɗa don in ɗora maka ba. Ni nake kwana gida ɗaya da ita.

Likita ta ce kullum sai an duba mata ƙafa, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, kuma kada ta ƙara taɓa ruwan da wani bai sa hannu ya gwada ba. Yau da safe na kawo ruwan goge jiki, ta dubi kwanon ta dube ni ta ce, "Da zafi?" Na sa hannu na ce daidai. Ta ce, "To, tunda kin ce." Sai da na fita waje na yi kukana.

Matarka ta zo jiya da abinci, ta yi mana kirki sosai. Gwaggo na ganinta ta ja bargo har wuya, ta ɗauka motar ce ta zo. Da ta farfaɗo daga aikin ma, ba ta tambayi yatsunta ba. Cewa ta yi, "Ya ji?" Na ce ka ji. Ta juya fuska bango, tun lokacin ba ta ƙara ambatonka ba. Ranar Alhamis za a sallame mu, kuma ban san inda zan ce wa mai mota ya nufa ba.

Ƙanwarka,
Tela


Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Na karanta. Ba ni da bakin da zan yi dogon rubutu.

Ki ce wa mai mota ya kai ku gida. Na nemi hutu, an ba ni kwana goma daga Asabar. Zan zo da sabon ma'aunin zafi, in cire kan murɗawar nan gaba ɗaya. Kafin nan makunni na uku ya zauna a ƙasa, jan madannin kuma kada a ƙara taɓa shi, ya faɗi abin da zai faɗa tun farko, mu ne ba mu saurara ba. Ki jefar da bokitin. Almakashinki ki ajiye mini, ni zan goge masa danƙon da kananzir, in kin yarda in taɓa.

Haƙurin da zan ba ki ba na takarda ba ne, sai na zo. Na mai shago ma haka. Abu ɗaya nake roƙo: ki zauna. Ba ni da wani hannun da na yarda ya gwada mata ruwa sai naki.

Layin da ke ƙasa na Gwaggo ne. Na rubuta shi da manyan baƙaƙe don ta gani da idonta ko ba tabarau.

GWAGGO, BA ZA A KAI KI HAWA NA UKU BA.

Ki karanta mata shi sau uku.

Yayanki